Dokta Bokiti da Kwalbar Yayarsa

Wai kai ka taɓa ganin mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana goge daɓen asibiti, rana ɗaya ya wayi gari ya ce shi ma likita ne? To tsaya ka ji kar ka wuce, don wannan kam in ka gama karantawa ba ka ja tsaki ba to bakinka ne ke ciwo.

A gabansa Dokta ake ce masa. Yana juya baya sai a ƙarasa, Dokta Bokiti. Kuma ya sani fa, wallahi ya sani, yi yake kamar bai ji na ƙarshen ba, rabin farkon ya ishe shi.

Asalinsa ba wani abu ba ne. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, uban kuma ya fita neman abinci ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yayarsa ce ta ɗauke shi, ita ma lokacin yarinya ce, ta goya shi tana wankau gida-gida har sabulu ya cinye mata hannu. Ta sa shi makaranta ya gudo. Ta kai shi wurin kafinta ya ce ƙurar katako na sa shi tari. Ta kai shi gareji ya ce baƙin mai na ɓata masa fata, ka ji fa, fata. Ƙarshe dai wata mata da Yaya ke yi wa wanki ta yi masa hanya a asibiti, aka ba shi bokiti da mofa da shuɗiyar riga, aka ce ga ɗakin marasa lafiya nan daga wannan bango zuwa wancan.

A nan ya tsufa. Kuma shekarun nan duka abu ɗaya tak ya koya har ya ƙware, sirki. Maganin goge daɓe murfi ɗaya ne a bokiti cike da ruwa, sabulun ruwa haka, komai haka. In jarka ta kusa ƙarewa lokaci bai yi ba sai ya kai ta bakin famfo ya cike ya girgiza, shugabar masu shara ta leƙa ta ga jarka cike ta wuce. Har kirari yake da shi, wai kayan asibiti ƙarfi gare su sai an sirka. Ka riƙe maganar nan, za ta dawo.

A ɗakin nas-nas akwai wani akwatin ƙarfe manne da bango. Nan ake kulle magungunan kashe zafi masu ƙarfi, irin waɗanda doka ta sa wa ido. Ba kowa ke taɓawa ba. Likita ne zai rubuta da sunan mara lafiya, nas biyu ne za su tsaya a buɗe, ɗaya na aunawa ɗaya na kallo, a rufe, makulli ya koma jikin babbar Sista. Ko ɗigo ya zuba ƙasa sai an yi bayani. Mutuminka kullum yana goge ƙarƙashin akwatin nan yana satar kallo kamar kyanwa a gindin tukunyar nama. Wata rana Sista ta manta makullin kan tebur, maimakon ya kira ta sai ya ɗauka ya jefa aljihu, ba sata zai yi ba wai kawai ya ji nauyinsa, ya yi ta yawo da shi yana taku ɗai-ɗai. Da aka gano, Sista ta wanke shi tas gaban marasa lafiya da masu jinya. Ta ce kai da bokitinka, wannan ba huruminka ba ne, ko a mafarki ka ga makullin nan ka kauce. Abin ya zauna masa a wuya kamar ƙashin kifi har ya yi ritaya.

Ranar da ya bar aiki ya fito da wata tsohuwar farar riga da wani ɗalibi ya manta a ɗakin wanki, da abin jin bugun zuciya da aka yar don robarsa ta tsage. Shi ke nan fa. Ya sa benci a ƙofar gidan hayar da suke zaune shi da Yaya, ɗakinsa na kallon nata, ya rataya abin nan a wuya ya harɗe ƙafa. Ka zo da ciwon kai ya ce infekshin ne, ka zo da targaɗe ya ce infekshin ne, akuyarka ta ƙi cin dusa infekshin ne. Mutanen layin gidansu kuma da ma abin da suke so ke nan, wa zai je ya bi dogon layi a asibiti ga Dokta a ƙofar gida. Da ma su haka suke, magani a wurinsu kamar gishiri ne, ta kan katanga ake miƙa wa maƙwabci, in ka sha ka warke ka hana wani ragowar sai a ce kai marowaci ne. Kuma shi ba ya karɓar ko sisi. Ba don kirki ba, a'a, shi ladarsa ita ce a ce Dokta ina kwana, Dokta an gode, sai ka ga wuyansa ya ƙara tsawo. Matarsa ma tun tuni ta gaji ta tattara, ta ce ita ba za ta iya zama da mutumin da ke auna mata jini da ido ba.

To ana nan sai Yaya ta kwanta. Ciwon daji ne, kafin a gane ya riga ya shiga ƙashi. Shi da yake Dokta wata da watanni yana ce mata sanyi ne. Likitocin gaske suka ce warkewa kam sai ikon Allah, abin da za su iya shi ne su hana ta shan azaba, in tana son komawa gida ta koma, akwai Sistar da ke zagayawa gida-gida za ta riƙa leƙo ta. Yaya ta ce gida take so, ɗakinta, kan gadonta.

'Yarta ɗaya ke tare da ita, Auta, tela ce, kekenta na nan a barandar ɗakin. Ita ke juya uwar, ita ke wanke ta, ita ke kwashe komai. Ranar karɓo magani mutuminka ya zura farar riga ya ce shi zai raka ta, ai asibiti gidansa ne. Suka je tagar ɗakin magani, mai ba da maganin ya ɗago wata kwalba mai ruwan ƙasa ya ce, "Wa ke jinyar?"

Ya ture Auta gefe ya ce, "Ni ne, ai abokin aiki ne."

Mutumin ya kalle shi ya kalli rigar sai ya washe baki. "A'a, Baba mai shara! Ana nan? Ina ka samo riga?"

Mutanen da ke bin layin tagar suka kwashe da dariya. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Mai maganin ya juya wurin Auta ya yi mata dalla-dalla. Ya ce wannan ba irin maganin da kika saba ba ne, sunan mahaifiyarki ne a jiki, ke kuma ke aka rubuta mai ba ta, daga ita sai ke. Ga sirinji mara allura, ki ja zuwa wannan layin ki zuba mata a baki, kar ki ƙara kar ki rage sai likita ya ce. Kar ki ba kowa ko ɗigo, ko ubanki ne, ko birgima yake. Duk wanda aka kama da shi ba sunansa a jiki laifi ne babba, wanda ya ba shi ma haka. In ya yi saura ki dawo mana da shi. Auta ta ce to, ta sa hannu, ta ƙunshe kwalbar a jaka.

Suna shiga gida ya miƙo hannu.

"Auta, kawo."

"Kawu ai cewa aka yi ni."

"Ke? Ke da ko allurar ɗinki sai ta soke ki? Tun ba a haife ki ba nake cikin asibiti. Irin wannan ba a barinsa hannun yara."

"Kawu mutumin fa ya ce..."

"Wancan yaron? A gabana aka kawo shi yana fitsarin tsoro."

Yaya daga kan gado, muryarta da ƙyar, ta ce, "Ba shi mana Auta, kawunki ne, ya fi ki sani." Ka ga halin Yaya ke nan, tun yana goye take rufa masa asiri, yanzu furfura ta fito masa ba ta daina ba.

Kwalba ta koma ɗakin Dokta, saman kwabarsa. Auta in lokaci ya yi ta zo ta ɗauka ta auna ta ba uwar ta mayar. Daren farko ko in ce tun yammar farko aka ga aiki. Matar da ta yi wata ba ta miƙe ƙafa ba sai ga ta ta yi barci har da minshari, washegari ta tashi zaune ta jingina da bango ta ce a buɗe mata taga, ta ci abinci, har ta tsokani Auta ta ce ɗinkin da kike yi hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Gida ya yi haske.

Shi kuma ba wannan ya gani ba. Shi abin da ya gani, abin cikin akwatin ƙarfen nan ne yau ga shi a ɗakinsa, ba Sista ba makulli ba mai ce masa kauce. Sai ya rufe ƙofa ya ɗauko kwalbar ya yi ta juya ta a hannu yana murmushi shi kaɗai.

Mai faci ne ya fara. Ya zo da kumatu kumbure haƙori ya hana shi sakat, yana cewa Dokta ka taimake ni zan mutu. Mutuminka ya kaɗa kai kamar mai nazari, ya shiga ɗaki ya fito da cokali. Mai faci ya sha, ya je ya kwanta cikin tayoyinsa, bai farka ba sai la'asar. Ya taso yana rantsuwa duk layin na ji, wai wallahi Dokta ya fi na asibitin, cokali ɗaya kamar an cire haƙorin an jefar. Shi ke nan ƙofa ta buɗe. Mai guga ya zo da ciwon baya, matar direba ta zo da ciwon kai, wata ta zo wai mijinta ba ya barci. Sai mai walda, wani zabgegen saurayi lafiyarsa ƙalau, shi kullum da sabon ciwo, yau gwiwa gobe ƙugu jibi wai gashin kansa ke zafi. Suka sa wa abin suna ruwan Dokta. Ba wanda ya tambaya na waye, alhali kowa ya san akwai mara lafiya a gidan, ta taga ma suna jin nishinta. Sun sani sarai, idon kowa ya rufe don cokali.

To kwalba fa ba rijiya ba ce. Ya duba ya ga ta yi ƙasa fiye da inda ya kamata, Auta za ta gani, Sista in ta zo ita ma dubawa take. Wani mai hankali da a nan zai tsorata ya tsaya. Shi ko ko gezau, ai ya san maganin wannan, shekara nawa yana yi wa jarka. Maganin fari ne kamar ruwa, kwalbar kuma mai duhu. Ya je bakin famfo ya cike ta daidai inda take, ya girgiza, ya ce a ransa kayan asibiti ƙarfi gare su sai an sirka. Ya ɗauki maganin mai mutuwa kamar maganin goge masai.

Ciwo ya dawo wa Yaya. Da farko cije leɓe take, daga baya ta koma cusa bakin zani a baki don kar maƙwabta su ji, ta kama ƙarfen gado har jijiyoyin hannunta su tashi. Auta ta ba ta magani ta zauna tana jiran ya kama, shiru, kamar an zuba ruwa a rairayi. Ai ruwan aka zuba. Keken ɗinki ya tsaya, kayan mutane suka taru, Auta ta rame ta yi baƙi.

Ta kira Sistar da ke zagayawa. Mace ce gajera mai kaifin ido ba ta da yawan magana. Ta duba Yaya, ta ce a kawo kwalba, mutuminka ya kawo da kansa da farar rigarsa. Ta ɗaga ta ga maganin na nan daidai inda lissafi ya ce. Ta kalli Auta.

"Ke ce ke ba ta?"

"Ni ce."

"A ina yake kwana?"

Auta ta kalli kawun, ya zare mata ido, ta ce, "A gidan nan."

Sista ta buga wa likita waya a nan take, ta faɗa masa ciwo ya fi ƙarfin abin da ake bayarwa, likita ya ce a ƙara. Me zai ce, shi abin da aka gaya masa ya sani. Mutuminka na tsaye yana gyaɗa kai. "Haka na ce ni ma Sista, ciwon ne ya ci gaba, mun sha ganin irinsa a wurin aiki." Sista ta yi masa kallo ɗaya ta ɗauki jakarta.

Aka ƙara, bai yi ba. Ta yaya zai yi, yanzu Auta na ja da yawa, mai walda na zuwa safe da yamma, famfo kuma ba ya gajiya. Sista ta dawo aka sake ƙarawa har ya zama sirinji cike fal ake ɗura mata. Yaya na kiran sunan uwarta da ta mutu tun tuni, shi yana benci a waje yana gaya wa mai guga cewa zafin baya daga infekshin yake. In kukan ya yi yawa sai ya matsa da bencin can gindin katanga. Yakan ji wani abu na tsungulinsa a rai, ba za a ce ba ya ji ba, amma sai ya ce wa kansa ai da ma mai ciwon daji haka yake, ko da bai taɓa kwalbar ba sai ta yi kuka.

Sai ranar karɓo sabuwar kwalba ta zo. Nan ne tsoro ya kama shi, don duk jahilcinsa wannan ɗaya ya sani. Ya sha gani yana goge daɓe, maganin nan in ya yi yawa numfashi yake tsayarwa, mutum ya yi barci ya zarce. Sirinji cike na ruwan famfo daban, sirinji cike na gangariya daban. Abin da zai yi bai wuce ya buɗe baki ya ce Auta tsaya ga abin da na yi ba. Magana ɗaya. Amma in ya faɗa rigar ta tafi, bencin ya tafi, ya koma Baba mai shara. Sai ya yanke wa kansa wata dabarar, wai in Auta ta kawo zai karɓa ya shiga ɗaki ya zubar da rabi ya sirka, kowa ya huta. Ka ji tunanin mutum.

Allah bai ba shi wannan ba. Da tsakar rana Auta ta shigo da gudu, tun daga bakin layi take jin ihun uwarta, ba ta ko kalli bencinsa ba ta wuce ɗaki. Ya bi ta. Yana tsaye bakin ƙofa ta ɓalle murfin, ta ja sirinji ya cika, ta tallafo kan Yaya. Bakinsa a buɗe. Ga maganar nan a kan harshensa. Ka san me ya ce?

"Auta... ba kya bari ta ɗan ci wani abu tukuna?"

"Kawu wane abinci, ba ka jin ta ne?"

Ta ɗura mata. Ya juya ya koma benci ya zauna.

Ba a jima ba Yaya ta yi shiru, hannunta ya saki ƙarfen gado. Auta ta fashe da kukan murna tana ta godiya ga Allah, har ta zauna kan keke ta ɗan taka. Can ta leƙa ta ga barcin bai yi mata ba. Numfashin sai a ja ɗaya a daɗe kafin a ja wani, leɓen ya fara duhu, ta girgiza ta, Inna, Inna, ko motsi. Ta ƙwala wa kawun kira. Ya zo ya ɗora tsagaggen abin nan nasa a ƙirjinta, ya ce barci ne ki bar ta ta huta. Wannan karon Auta ba ta saurare shi ba ta danna wa Sista waya.

Sa'a Sista na kusa. Ta shigo ta ɗaga fatar idon Yaya ta ga ƙwayar ta tsuke kamar kan allura.

"Nawa kika ba ta?"

"Yadda kuka ce, irin na jiya."

"Na jiya bai ko sa ta gyangyaɗi ba, na yau ya kwantar da ita haka? Ina tsohuwar kwalbar?"

Mutuminka ya ce, "Na yar."

"Kai ka yar? Kai a wa? Me ya kai ta hannunka?"

Kafin ya haɗa ƙarya sai ga sallama a tsakar gida, mai walda ne, yana sosa wuya idonsa jawur, bai ma lura da wa ke ciki ba.

"Dokta an ce sabuwa ta iso, don Allah a ɗan taɓa ni da cokali ɗaya. Ta kwanakin nan wallahi salam take kamar ruwan famfo, ko kai ma ka ce ka sirka ta da yawa."

Sista ba ta ɓata lokaci a kansa ba, ta zuge jakarta ta haɗa wata allura mai karya ƙarfin maganin ta soka wa Yaya, ta ce Auta kama ƙafa, kai mai ciwon ƙarya kama nan, suka sa ta a mota za a kai ta asibiti. Shi ya biyo su da farar riga zai shiga, Sista ta ce, "In ka taɓa ƙofar motar nan sai na karya maka hannu." Auta ko kallonsa ba ta yi ba.

Yaya ta farfaɗo, saura ƙiris. Ta farfaɗo cikin azabar da ta fi ta da, sai da aka sake lallaɓa maganin daga ƙasa aka gano daidai ita.

Sista dole ta kai rahoto, aikinta ne. Jami'ai suka zo gida suka same shi a benci. Ya fara zuba, wai shi taimako ya yi, ko sisi bai karɓa ba, a tambayi kowa. Babbansu ya ce, "Baba, doka ba ta tambaye ka nawa ka karɓa ba. Wa ya ba ka izinin riƙe shi, wa ya ba ka izinin ba wani? Sunanka ne a jiki?" Ya ce ai ya yi aikin asibiti. Aka ce wane aiki. Wani yaro daga bayan taro ya ce bokiti. Aka ce to a tambayi kowan da ya ce. Mai faci ya ce shi bai taɓa ciwon haƙori ba a rayuwarsa. Mai guga ya ce gaisuwa kawai ke haɗa su. Matar direba da ta fi kowa Dokta Dokta ita ce ta tafa hannu ta ce da ma ita ta san za a rina. 'Yan cokali ke nan. Aka tafi da shi, mai walda kuma aka kai shi inda ake raba mutum da shaye-shaye, don ya riga ya kamu.

Asibiti suka ce Yaya ba za ta koma gidan ba, ba za su sake sakin irin wannan magani inda aka yi wasa da shi ba. Yaya ta yi kuka ta ce ita dai ɗakinta. Auta ce ta tsaya gabansu ta ce laifina ne da na miƙa, an gaya mini ban ji ba don kunyar kawu, ku gwada ni sau ɗaya. Da ƙyar suka yarda. Aka sayo ƙaramin akwatin ƙarfe da kwaɗo aka ɗaure shi jikin gadon Yaya, makulli a igiya a wuyan Auta, ko wanka da shi take shiga.

Da aka ba da belinsa ya dawo ya yi kwanaki bai fito ba. Rannan ya lallaɓo ya tsaya bakin ƙofar Yaya kai a ƙasa. Tana jingine da filo ba ciwo, idonta tar.

"Yaya ki yafe ni, sharrin shaiɗan ne."

"Bar shaiɗan ya huta, shi bai san hanyar famfo ba." Ta daɗe tana kallonsa. "Ɗan nan, bayan nan nawa da ke ciwo shi ya goya ka. Da ka zo ka ce Yaya ki jure don a ce mini Dokta, wataƙila ma da na jure, na saba. Amma ka ji ina ihu ka ja benci."

Ya durƙusa a bakin ƙofar.

Ta ce, "Abu ɗaya na san ka iya. Ɗakin nan na son gugewa, Auta ta gaji. Ɗauko bokitinka."

Ya ce ba tsumma. Auta na kan keke ba ta ɗago ba ta tura masa wani abu da ƙafa. Farar rigar ce, ta sa mata almakashi gida huɗu, har da aljihun da yake soka biro. Ya duƙa ya goge ɗakin tas har ƙarƙashin gado, har ƙarƙashin akwatin ƙarfen, yana kaucewa kar kafaɗarsa ta taɓa kwaɗon. Kullum da safe shi ke yi har ranar da Yaya ta cika, a ɗakinta kan gadonta, ba ihu ba cizon zani, Auta na riƙe da hannunta.

Kuma kar ka ce mutanen layin sun yi hankali. Auta ta fito za ta mayar da sauran maganin asibiti kamar yadda aka ce, idonta ko bushewa bai yi ba, matar direba ta tare ta a ƙofa ta yi mata gaisuwa sama-sama sannan ta rage murya ta ce, "Auta ragowar fa, tunda mai shi ta riga mu, kar a yi asararsa." Auta ta kalle ta sama da ƙasa ta ja tsaki ta wuce.

Shi kuma yana nan shari'arsa ba ta ƙare ba, benci ya zama na mai faci, yanzu ko a gabansa Bokiti kawai ake ce masa kuma yana amsawa.

Don Allah in ka karanta kar ka bar shi a wayarka, tura wa duk wanda ka san akwai mara lafiya a gidansu da kwalba mai sunan mutum ɗaya a jiki, musamman gidan da ke da kawu masani, su ma su tura gaba.